Me Ya Haɗa Masana Falsafar Turai na Ƙarni na 17 Faɗa da Balaga?

Yaron da aka kai kolejin 'yan ɗariƙar Jesuit ta cocin Katolika a Faransa, ko makarantar nahawu a Ingila, wajejen shekarar 1600, abu ɗaya ake ta shirya shi dominsa: ranar da zai miƙe gaban jama'a ya yi magana da Latin har ya shawo kansu. Manhajar Jesuit da aka kammala a 1599 ta jera azuzuwa biyar kafin ɗalibi ya taɓa falsafa, uku na nahawu, ɗaya na adabi, na biyar kuma ajin balaga. Ta nan René Descartes ya biyo a kolejin La Flèche. Thomas Hobbes ya yi shekaru yana karantar da 'ya'yan gidan Cavendish wannan fanni. John Locke kuwa sai da ya riƙe muƙamin malamin balaga a kolejin Christ Church ta Oxford a 1663. Waɗanda suka fi kowa yi wa balaga rotse a ƙarni na 17 'yan gida ne, sun san ta ciki da bai. Shi ya sa sukarsu ba ta tsaya ga cewa masu zaƙin baki maƙaryata ne ba. Kowannensu ya nuna takamaiman wurin da yake ganin fannin ke ɓarna, ya kuma kawo abin da za a sa a gurbinsa.

Wanda ya yi karatun zaure ya san balaga da rassa uku, ma'ani da bayani da badi'i, duka a kan kyan lafazi da dacewarsa da hali. Abin da Turawa suka gada daga Aristotil na tsohuwar Girka da Sisero da Kwintiliyan na tsohuwar Rum ya fi haka faɗi. Ya fi kusa da khaɗaba, ɗaya daga cikin hujjojin hankali biyar da Ahalari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya lissafa a Sullam, littafinsa na manɗiƙi, tare da burhani da jadali da shi'iri da safsaɗa. Aiki ne mai matakai biyar: nemo hujja, jera ta, tufatar da ita da lafazi, haddace ta, sannan gabatar da ita da murya da motsin jiki.

Matakin farko shi ne zuciyar fannin. Ba a barin ɗalibi ya zauna jiran ilhama. Ana ba shi jerin "wurare", wato tambayoyin da zai bi kowace mas'ala da su: mene ne abin, wane jinsi yake ciki, me ya haddasa shi, me zai haifar, me ya yi kama da shi, mene ne kishiyarsa. In shari'a ce kuma, wa ya aikata, me ya aikata, a ina, da me, don me, ta yaya, yaushe. Duk abin da ya tsinta a karatu, karin magana ko misali daga tarihi, yana kwafe shi a littafin ajiya ƙarƙashin kai irin su "adalci" ko "butulci", don ranar buƙata. Jerawa ma da ƙa'idarta: buɗewa don jawo hankalin mai sauraro da samun yardarsa, ba da labarin abin da ya faru, rarraba batutuwa, kafa hujja, rushe ta abokin hamayya, rufewa da motsa zuciya. A wajen lafazi, Erasmus, malami ɗan Holan, ya nuna inda abin ke kaiwa a littafinsa na 1512 kan yalwar magana, inda ya ɗauki jimla ɗaya, "wasiƙarka ta faranta mini rai ƙwarai", ya juya ta hanyoyi fiye da ɗari.

Atisayen da daga baya ya zama babban laifin fannin shi ne kare ɓangare biyu. Yau ɗalibi ya tabbatar cewa aure ya fi zaman gwauro, gobe ya tabbatar da akasin haka da ƙarfi iri ɗaya. Tsoffin malamai ba su ɗauki wannan a matsayin koyon ƙarya ba. A ganinsu al'amuran kotu da majalisa ba su da yaƙini, zato mai rinjaye kaɗai ake samu, kuma ba a gane wanda ya rinjaya sai an ji kowane ɓangare daga bakin gwaninsa.

Wannan amsa ta yi aiki har ranar da Turai ta kama da wuta. Faransa ta yi yaƙin addini daga 1562 zuwa 1598. Ƙasashen Jamus suka ƙone daga 1618 zuwa 1648. Ingila ta shiga yaƙin basasa a 1642, aka sare kan sarki Charles na Ɗaya a 1649. Kowane ɓangare yana da masu wa'azi da marubuta da suka sha littattafan Sisero iri ɗaya. An ji ɓangare biyu har an gaji, ba a ga wanda ya rinjaya ba, sai gawawwaki. A gefe guda kuma ga handasa, wato lissafin siffofi irin su da'ira da alwatika, inda ɗan Katolika da ɗan Furotesta ba sa jayayya a kan komai.

Waɗanda suka fara taɓa ginin

Petrus Ramus, malami a Paris, gyaran manhaja ya sa gaba daga 1543, da ƙa'idar cewa bai kamata a koyar da abu ɗaya a fanni biyu ba. Tunda manɗiƙi ma yana nemo hujja yana jera ta, sai ya kwashe matakai biyun farko ya miƙa masa, haddacewa ta narke cikin jerawa, aka bar wa balaga adon lafazi da gabatarwa. Abokinsa Omer Talon ya rubuta littafin balaga a kan wannan tsari a 1548. An kashe Ramus a kisan kiyashin ranar Saint Barthélemy da aka yi wa Furotesta a Faransa a 1572, amma littattafansa sun cika makarantun Furotesta a Jamus da Ingila, har Harvard a Amurka. Rabo ne irin na mahaucin da ya ba wani tsoka da ƙashi, ya miƙa wa wani fata. Duk wanda ya zo daga baya ya ce balaga ado ce kawai, ya tarar an riga an mayar da ita hakan a aji.

Francis Bacon, lauya kuma ɗan majalisa, bai yarda a jefar da ita ba. A littafinsa na 1605 kan ci gaban ilimi ya soki malaman ƙarnin baya da suka fi farautar kalma a kan ma'ana, suna kwaikwayon jimlolin Sisero. Amma a littafin nan ɗin ya ba balaga aikinta: ta ɗora hankali a kan ƙarfin sawwarawa don a motsa nufin mutum. Sha'awa abin da ke gabanta kaɗai take gani, hankali kuwa yana hango na nesa. Na kusa ya fi cika ido, don haka hankali ke shan kaye, sai in an sami mai iya magana ya zana na nesan har ya zama kamar ga shi nan. Inda Bacon ya ga haɗarin gaske shi ne kalmomin yau da kullum. A littafinsa Novum Organum na 1620 ya lissafa gumaka huɗu da ke toshe fahimta, ya ce na kasuwa, wato masu shigowa ta kalmomi, su suka fi takurawa. Iri biyu ne: sunayen abubuwan da babu su, kamar "sinadarin wuta" na tsohuwar kimiyya, da sunayen abubuwan da akwai su amma an tattara su barkatai, kamar "danshi", wanda ake laƙaba wa abubuwan da ba abin da ya haɗa su. Ya ma yi gargaɗi cewa a bahasin halittu ta'arifi, wato iyakance ma'anar kalma, ba ya warkar da cutar, don da kalmomi ake yin sa, kalmomi kuma kalmomi suke haifa. Da na bayansa sun ji wannan gargaɗi, da sun rage wa kansu wahala.

Descartes ya fi saurin yanke hukunci. A maƙalarsa kan hanyar tunani, wadda aka buga a Leiden a 1637 da Faransanci maimakon Latin, ya ce yana girmama fasahar magana, amma baiwa ce, karatu ba ya ba da ita. Wanda tunaninsa ya fi ƙarfi, ya kuma tsara shi sarai, shi zai fi shawo kan mutane ko da harshen ƙauyen Bretagne kaɗai yake ji. Game da muhawarar makarantu ya ce bai taɓa ganin an gano wata sabuwar gaskiya ta hanyarta ba, don kowa nasara yake nema, kuma daɗewa ana lauya ba ya sa mutum ya zama alƙali nagari. A madadin tarin wurare ya kawo ƙa'idoji huɗu: kada ka karɓi komai sai ya bayyana gare ka sarai ba wurin shakka, ka rarraba matsala ƙanana-ƙanana gwargwadon buƙata, ka faro daga mafi sauƙi ka hau zuwa mafi wuya, ka yi ƙidaya da bita har ka tabbata ba ka tsallake komai ba. Ya kuma ce duk abin da zato ne kawai, kusan ƙarya yake ɗaukarsa. Da wannan jimla guda ya janye ƙasar da balaga ke tsaye a kai.

Matsalar ta fito bayan shekara huɗu. Da ya rubuta tadabburansa shida a kan samuwar Allah da bambancin ruhi da jiki, aka rarraba rubutun ga malamai su yi suka kafin a buga shi a 1641. Rukuni na biyu na masu suka, ta hannun abokinsa Marin Mersenne, suka roƙe shi ya jera hujjojinsa irin na masu handasa. Ya yi musu: ta'arifi 10, buƙatu 7, tushen da ba a jayayya a kai 10, da'awa 4. Amma ya haɗa da ƙorafi. Wannan hanya, in ji shi, tana ƙwatar amincewar mai karatu ko da mai taurin kai ne, sai dai ba ta nuna masa yadda aka gano abin. A handasa ba matsala, tushen farko ya dace da abin da ido ke gani, kowa ya karɓa. A bahasin Allah da ruhi kuwa tushen ne kansa ke da wuyar gani, saboda ya saɓa wa abin da gaɓoɓi suka saba da shi tun yarinta. Don haka ya zaɓi salon tadabburi, har ya so mai karatu ya yi watanni, ko aƙalla makonni, a kan na farko kaɗai. A duba kayan aikinsa: mai magana da "ni" zaune gefen wuta, mugun aljani mai yaudara, guntun kakin zuma da ke narkewa ya sauya kamanni da ƙanshi. Shirya zuciyar mai sauraro ke nan kafin a kawo hujja, aikin da tsoffin littattafai suka ba buɗewar huɗuba. Descartes ya sallami malaman balaga, ya riƙe aikinsu.

Hobbes da sunayen da ba sa tsayawa wuri ɗaya

A wajen Hobbes ne rigimar ta fi zurfi, don shi siyasa ya sa gaba, filin da balaga ke ɗauka gadonta ne. Ya fara a matsayin ɗan fannin. Ya fassara tarihin Tusididis daga Girkanci a 1629, littafin da ke cike da jawaban ɓangare biyu, ya kuma taƙaita wa ɗalibinsa littafin balaga na Aristotil, aka buga taƙaitawar da Ingilishi a 1637. John Aubrey, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce Hobbes yana ɗan shekara 40 ya tarar da littafin handasa na Iƙlidis buɗe a ɗakin karatun wani mai hali, a kan da'awa ta 47 ta kashi na farko. Ya rantse ba za ta yiwu ba. Ya karanta hujjar, ta mayar da shi wata da'awa a baya, ita ma ta mayar da shi wata, har ya kai tushe ya sallama. Abin da ya kama shi ke nan: hujjar da ke tilasta wa wanda ya zo da musu.

A littafinsa De Cive na 1642 ya raba iya magana gida biyu. Ɗaya bayyana abin da ke zuciya ce sarai, da kalmomi a ma'anarsu ta asali, burinta gaskiya. Ɗayar tada zukata ce da aron kalmomi, tana gini a kan ra'ayin da mutane suka riga suka riƙe ko wane iri ne, burinta nasara. Ta biyun, in ta rabu da hikima, ita ce sana'ar masu tada fitina. Ya kawo tatsuniyar Girkawa ta 'ya'yan sarki Peliyas, waɗanda Midiya ta ruɗa suka yanyanka tsohon ubansu suka dafa da zaton zai dawo saurayi. Haka jama'a ke yi wa ƙasa, in ji shi, idan wauta ta haɗu da zaƙin baki.

Dabarar da ta fi damunsa kuwa 'yar ƙarama ce, littattafan balaga suna koyar da ita a fili. Kowane hali nagari yana da mummunan maƙwabci mai kama da shi, don haka mai magana na iya sauya wa aiki suna ba tare da ya yi ƙarya a kan abin da ya faru ba. Mai kare marowaci ya ce tattali ne, mai ƙarar jarumi ya ce ganganci ne. A babi na 4 na littafinsa Leviathan, wanda ya fito a 1651, Hobbes ya jera su: abin da wani ya kira hikima wani tsoro yake kira, rashin tausayin wani adalcin wani ne, haka almubazzaranci da karamci, haka nutsuwa da dolanci. A babi na 19 ya kai abin ga mulki, ya ce kama-karya ba wani nau'in mulki ne dabam ba, sarauta ce a bakin wanda ba ya son ta. Ɓarnar a nan ita ce ɓangarorin biyu sun yarda da duk abin da ya faru. Shaidu ba za su raba su ba. Ƙiyasi, wato fitar da hukunci daga muƙaddimomi, shi ma ba zai raba su ba, tunda kowanne ya riga ya cusa hukuncinsa a muƙaddima ta hanyar sunan da ya zaɓa. Masanin tarihi Quentin Skinner, a bincikensa na 1996, shi ya nuna yadda wannan dabara ta tsaya wa Hobbes a rai.

Maganinsa shi ne a ɗauki hankali a matsayin lissafi, tarawa da ɗebewa na sunayen da aka amince da ma'anarsu. A fara da ta'arifi, a haɗa sunaye su zama da'awa, a haɗa da'awoyi su zama ƙiyasi, ƙiyasai su zama cikakkiyar hujja. Ga yadda ya yi da adalci: zalunci shi ne saɓa alkawari, alkawarin juna ba ya tsayuwa sai da mai ikon tilasta cika shi, saboda haka inda babu hukuma, sunan adalci da zalunci ba su da wurin zama. Kalmomi, ya ce, tsakuwoyin ƙidaya ne a hannun mai hankali, wawa ne ke ɗaukarsu kuɗi. Cikin sabubba bakwai na shirme da ya lissafa a babi na 5, na shida shi ne sa siffantawa da sauran adon harshe a gurbin kalmar asali. Har shawarar aiki ya bayar a babi na 25: mai mulki ya ji mashawartansa ɗaya bayan ɗaya, kada ya tara su, don a taro zukata kamar itatuwan wuta suke, kowanne na kunna ɗan'uwansa, balle ana hura su da jawabai.

To wa zai yi ta'arifin? Alwatika ba ta da magoya baya, "adalci" kuwa yana da su. Hobbes ya san haka, don shi ne ya ce da batun kusurwoyin alwatika ya taɓa mulkin wani, da an ƙone littattafan handasa duka in an sami iko. Amsarsa ita ce in aka saɓa a lissafi, dole ɓangarorin su naɗa alƙali su ɗauki hankalinsa a matsayin hankali madaidaici, in ba haka ba a kai ga doke-doke. A ƙasa, alƙalin nan shi ne mai mulki. Hanyar da ta fara da alkawarin hujja mai tilasta wa kowa ta ƙare a hukuncin mai takobi. Da wuya a kira wannan nasarar hankali. An dai rufe bakin muhawarar.

Sannan ga littafin kansa. Sunansa na dodon ruwa ne daga littafin Ayuba na Baibul. Zanen shafin farko, aikin Abraham Bosse, ƙaton mutum ne mai kambi, jikinsa cike da ƙananan mutane, takobi a hannu ɗaya, sandar bishop a ɗayan. Jimlar da kowa ya haddace daga babi na 13 siffofi biyar ne a jere na rayuwar da babu hukuma: kaɗaici, talauci, ƙazanta, dabbanci, gajarta. Ya kira fadar Paparoma fatalwar daular Rum zaune da kambi a kan kabarinta. A rufewar littafin ya faɗa da bakinsa cewa in babu fasahar magana mai ƙarfi da za ta jawo hankali da amincewa, tasirin hujja kaɗan ne. Tsakanin 1642 da 1651, yana gudun hijira a Paris, ya ga hujja ba ta tsayar da yaƙi ba. Handasar da ya dogara da ita ma ba ta yi masa rana ba. A 1655 ya yi da'awar ya warware tsohuwar matsalar zana murabba'i mai faɗin da'ira, John Wallis na Oxford ya tona kurakuransa, suka shafe fiye da shekara 20 suna musayar rubutu mai cike da zambo.

Inda hanyar handasa ta tsaya

Blaise Pascal, wanda shi masanin lissafi ne na gaske, ya fi kowa auna iyakar hanyar. A ɗan rubutunsa kan tunanin handasa da fasahar shawo kai ya ce cikakkiyar hanya ita ce a yi wa kowace kalma ta'arifi, a kafa wa kowace da'awa hujja, kuma ba ta yiwuwa, don kowane ta'arifi na buƙatar kalmomin da suka riga shi. Dole a tsaya a wasu, irin su wuri da lokaci da motsi da adadi, a bar su haka. Ya ba da ƙa'idoji takwas, uku na ta'arifi, biyu na tushe, uku na kafa hujja. Wadda ta fi amfani ita ce ta ƙarshe: duk inda kalma ta zo a cikin hujja, ka cire ta a zuci ka sa ta'arifinta a gurbinta, ka ga ko hujjar na nan tsaye. Mai son gwadawa ya ɗauki kowace muhawara a kan "'yanci" ya yi mata haka. Sau da yawa zai tarar kalmar ta shiga da ma'ana ɗaya ta fita da wata.

Sai dai Pascal ya ce ƙofa biyu ra'ayi ke shiga ta cikinsu, fahimta da so, kuma mafi yawan mutane ta ƙofar so suke karɓa. Ƙa'idojinsa na ƙofar farko ne. Fasahar ƙofa ta biyu ya ce ta fi wuya ta kuma fi amfani, amma ba zai iya tsara ta ba, don abin da ke faranta rai ya bambanta daga mutum zuwa mutum, har ga mutum ɗaya a lokuta dabam-dabam. A aikace kuwa ba wanda ya kai shi iyawa. Wasiƙu 18 da ya fitar da sunan aro a 1656 da 1657, yana yi wa fatawoyin Jesuit ba'a, sun yi musu illar da tarin littattafan malamai ba su yi ba.

Abokansa Antoine Arnauld da Pierre Nicole, a littafin manɗiƙin Port-Royal na 1662, suka lura cewa kalma tana ɗauke da ma'anarta ta asali da kuma ma'anoni 'yan rakiya. "Ƙarya kake yi" da "ka san akasin abin da kake faɗa" asalinsu ɗaya, amma ta farko na ɗauke da raini. Daga nan suka yanke cewa salon ado abin dariya ne a bahasin ilimi zalla, amma sanyin magana aibi ne inda batun ya cancanci motsa zuciya. Spinoza, masanin falsafa na Holan, a littafinsa na ɗabi'u da aka buga a 1677 bayan rasuwarsa, wanda ya fi kowane bin tsarin handasa, ya kafa hujja a kashi na huɗu, da'awa ta 14, cewa sanin alheri da sharri ba ya danne wani shauƙi don kawai gaskiya ne, sai in shi ma ya zama shauƙi. Abin da Bacon ya faɗa shekara 72 kafin nan ke nan, an dai sa masa lamba.

A Landan, ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da aka kafa a 1660 ta mai da abin doka. Thomas Sprat, a tarihin ƙungiyar na 1667, ya ce suna so membobi su yi magana tsirara, kusan kalma ɗaya ga abu ɗaya, su fifita harshen masu sana'a da mutanen karkara da 'yan kasuwa a kan na malamai. A nan kam gyaran ya yi amfani, rahoton gwaji ya sami siffar da wani zai iya bincikawa. Amma a duba yadda Robert Boyle ke rubuta gwaje-gwajensa da famfon zuƙe iska: dogon bayanin kowane mataki, zanen na'urar, ambaton gwajin da ya ci tura, ambaton waɗanda suka halarta. Na'urar tana da tsada, ƙalilan ne a duk Turai, mafi yawan masu karatu ba za su taɓa maimaita gwajin ba. Abin da ke sa su yarda shi ne amincin mai ba da labari, wanda Aristotil ya lissafa cikin hanyoyi uku na shawo kai.

Hukunci mafi tsauri na Locke ne. A littafinsa na 1690 kan fahimtar ɗan Adam, kashi na uku, babi na 10, ya ce in ban da tsari da bayyanawa, duk fasahar balaga ba ta da aiki sai cusa gurɓatattun ma'anoni, motsa zuciya da karkatar da hukunci; yaudara ce tsantsa. An daɗe ana kama shi da cewa shi ne ya kwatanta zuciyar jariri da farar takarda, fahimta kuma da ɗaki mai duhu mai 'yan kafofi. Kamun da ya fi muhimmanci yana kashi na huɗu, inda ya amsa cewa yaƙini ɗan kaɗan ne, mafi yawan rayuwa a kan zato take tafiya. Ya ba da abubuwa shida da za a duba a shaida: yawan shaidu, amincinsu, ƙwarewarsu, manufar marubuci in daga littafi aka ɗauko, daidaituwar sassan labarin, da shaidar da ta saɓa. Ya kawo labarin sarkin Siyam (Tailan ta yau) da jakadan Holan ya gaya wa cewa ruwa a ƙasarsu kan daskare har giwa ta taka, sarkin ya ce yanzu ya tabbata ƙarya yake yi. Irin waɗannan tambayoyi kayan lauya ne, Kwintiliyan ya yi dogon bahasi a kan auna shaidu tun zamanin Rum. Matakin nemo hujja da auna ta ya sauya gida ne kawai, ya koma ƙarƙashin bahasin zato.

Amsar ɓangaren balaga ta zo a makare, daga Naples ta Italiya. Giambattista Vico, malamin balaga a jami'ar birnin tun 1699, ya yi jawabin buɗe shekarar karatu a 1708 kan hanyoyin karatun zamaninsa, aka buga shi a 1709. Bai musanta nasarorin sabuwar kimiyya ba, kuma ba shi da hanyar musantawa: wurare suna fito da abin da aka riga aka faɗa, ba za su taɓa fito da nauyin iska ko watannin da ke kewaya duniyar Mushtari ba. Ƙorafinsa a kan jeri ne. Ana koya wa yara tantancewa kafin nemowa, alhali ba a tantance abin da ba a tara ba. Yaro ƙarfinsa a hadda da sawwarawa yake. In aka fara masa da shakka, aka ce duk abin da ba yaƙini ba kamar ƙarya ne, sai ya tashi ba shi da hankalin gama-gari, wanda daga zato mai rinjaye yake tsirowa, zaton da galibi yakan fito gaskiya. Ya ba da misali da wanda ake tuhuma, an ba mai kare shi 'yan sa'o'i. Wanda ya ƙware a wurare zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga duk abin da ke cikin shari'ar, almajirin Descartes kuwa zai ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Ayyukan mutane, in ji shi, ba a auna su da miƙaƙƙen ma'auni, sai da irin na maginan tsibirin Lesbos, mai lanƙwasa yana bin siffar dutse. Shawararsa ita ce a fara cika ɗalibi da wurare, a ƙarfafa haddarsa da sawwarawarsa, sannan a koya masa tantancewa, sannan a sa shi ya kare ɓangare biyu.

A zamaninsa ba a saurare shi ba. Kujerar balaga tana cikin masu ƙarancin albashi a jami'ar. A 1723 ya shiga gasar neman kujerar shari'a, wadda ta ninka tasa albashi, ya faɗi, ya ci gaba da koyar da balaga har 1741.